Shekarar da Ni da Wancan Muka Tsare Rumbu

Yanzu na iso wajen da kuka fi so, wajen da kuke ba baƙi labari kuna dariya har da riƙe ciki. Kuna cewa tsohuwa ta shagala da wasan tele, wato talbijin, har bakinta ya suɓuce. To ku zamna ku ji. Tun da Allah ya sa na koyi riƙe biro da hurhura a kaina, a ajin karatun manya na Korgom, ba zan bari ku binne ni da labarin da ba haka yake ba. Bakina bai taɓa suɓucewa ba. Abin da na faɗa ran nan, da niyya na faɗe shi.

Sai na fara da abin da ku ɗiyan yanzu ba ku sani ba, ko kun sani kuna yi mishi dariya. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta zama tabarma guda da shi, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin da za ta hita yi. Ni a ɗakin uwata na haihi nawa, can Kanan-Bakashe, ina yarinya. In shina kuka sai an yi mini tsawa kahin in ɗauke shi, in ba shi nono kaina a juye. Da aka yaye shi uwata ta riƙe shi, can ya tashi. Ni kuwa ko da wa nake magana, wancan nake ce mishi. Wancan ya ci abinci? A kai ma wancan hura. Kar wani ya ce muku ƙiyayya ce. Kunya ce, kuma ado ce ga mace a lokacinmu. Haka uwata ta yi ma yayata Hadiza har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ta yi laihi. Ni ma ban ce na yi laihi ba, kar ku sa mini magana a baki.

Wancan da ya zama saurayi sai ya yi arewa. Agadas, daga nan Libiya, daga nan wuraren da ko sunansu ban iya faɗi. Ya yi aure can, ya haihu can. Babanshi ya rasu wancan shina can. Sai shekarar da nake ba ku labari, gab da damana, ga shi a bayan mota da mata da ɗiya da kwalaye, gemunshi har ya fara hwari. Ya durƙusa ƙofar ɗakina ya gaishe ni. Na amsa daga ciki, na ce ma Rabi autata ta ba wancan ruwa. A raina kuwa kamar an buga ganga, amma wa zai gani? Na shiga na yanka mishi zakaran da na fi so, na aika da shi. A ganina na gama magana.

Ba a yi nisa da shuka ba Rabi ta same ni ina gyaran zogala. Rabi kun san ta, bakinta irin nawa ne.

"Inna, Yaya ya ce da an kai gero rumbu zai kwashe iyalinshi su koma Agadas. Kuma wannan karon ba dawowa."

"Mi aka yi mishi?"

"Ba a yi mishi komi ba. Shi ne abin. Ya ce ya zo garin uwarshi ya zama kamar baƙon kasuwa. In ya shigo kin hita, in ya hita kin shigo."

"Shi bai san al'ada ba? A kan dutse aka haihe shi?"

"Ya sani, Inna. Amma ya daɗe cikin mutanen da uwa ke rungume ɗanta a tasha tana kuka. Ya ce shi ko sunanshi bai taɓa ji a bakinki ba, bai ma tabbata kin san shi ba."

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Na ci gaba da gyaran zogala, sai na ga ina zubar da ganyen ina tara itacen.

To a cikin kwalayen da ya zo da su akwai tele ƙarama da batir da farantin da ke shan rana. Ran kasuwar Tasawa kuma ya sawo ma ɗiyanshi wani abin wasa mai arha, na roba, mara nauyi kamar ba komi cikinshi, shina warin sabon takalmi. Ana haɗa shi da tele, shina da abin riƙewa guda biyu da suke ce ma manet, kowane da igiyarshi. An ce wasanni sun yi yawa a ciki, amma ƙarya ce, duk abu ɗaya ne aka sauya ma riga. Wanda ya kama ido shi ne na tankar yaƙi. Hili ne baƙi, ga katangu na jan bulo, ga ruwa, ga ciyawa. Kai kana da tanka ƙarama, rawaya ko tsanwa, ba ta kai ƙwayar dabino ba. Abokan gaba suna ɓullowa daga sama suna harbi. A can ƙasa kuma, tsakiya, ga wani tsuntsu an kewaye shi da bulo. Rabi ta ce mikiya ce. Ni zabuwa na gani. In harsashi ya sami tsuntsun nan, ko kana da rai goma, wasa ya ƙare. Da na ji haka na ce ashe rumbu ne. Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu har yau.

Da damana kowa na gona tun da sahe, gida sai ni da awaki da Gambo maƙwabciyata, wadda muka yi amarci shekara guda, muka tsufa muna zagin juna. Wata rana an bar tele a kunne a rumfa, abin shina ta ƙara shi kaɗai. Na je in kashe, ban san inda ake kashewa ba, na ɗauki manet na danna. Sai tankar ta motsa. Na saki abin na yi salati. Gambo ta ce aljani ne. Na ce aljanin da ke bin yatsana ai nawa ne. Na sake ɗauka. Harbin da na fara yi a duniya, na juya ƙasa na fasa bulo na harbe zabuwar da kaina. Tele ta yi wani kuka, jan rubutu ya taso.

"Kin ci?" in ji Gambo.

"Na ƙona rumbunmu."

"Ai na san za a rina. Ke ko tuwo kika ɗora sai ya kama."

Haka muka fara. Ni rawaya, Gambo tsanwa. Gambo ba ta gani sosai, ta kan shige ciyawa ta ɓace ma kanta, tana tambayata ina take. Ni kuwa tun daga ƙona rumbun nan na ɗauki hanya guda. Ban zuwa ko'ina. Ina tsaye ƙofar rumbu kamar mai tsaron gero daga tsuntsaye, wanda ya taho in aika shi lahira. Wani lokaci wani abu ya kan faɗo a hili, tauraro ko shebur ko hular ƙarhe. Shebur kaɗai ke tada ni, don in ka taka shi katangar rumbu ta kan koma ƙarhe na ɗan lokaci. Sauran ban damu da su ba. Kuma ban fasa katangar da ba ta tare mini hanya ba, don wani ne ya sha wahalar ginawa. Jikokina da suka gane ina yi, suka ce Kaka ba haka ake yi ba, hita ake yi a bi su. Na ce wanda ya taɓa kwana da yunwa ya zo ya koya mini tsaron rumbu.

Ana cikin noma na biyu wancan ya sari ƙafarshi da hauya. Mutumin da ya yi shekaru shina ɗaukar siminti a ƙasar wasu, hauyar ubanshi ta ƙi shi. Aka ɗaure ƙafa, likita ya ce ya zamna gida. Sai ya zamana da hantsi mu uku ne a gidan. Ran farko da ya tardo mu a rumfa, na yunƙura zan tashi kamar yadda na saba, amma tankoki biyu sun nuho rumbu. In na tashi sun ƙona shi. Na zamna. Ya tsaya da sandarshi shina kallo, baki buɗe. Gambo, Allah ya yahe mata, sai ta miƙa mishi manet ɗinta ta ce idonta na ruwa.

Nan ne arhar abin ta yi aikinta. Igiyar manet gajera ce, ba ta kai kamu biyu ba. Ya ja, ya ja, tele ta kusa faɗowa. Ba yadda za a yi mutum biyu su yi wasan nan ba su zamna tabarma guda ba. Ya zamna bakin tabarma, ya juya mini rabin baya. Ni ma na juya mishi rabin baya. Tun ranar da aka yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ina jin numfashinshi. Ina ganin tabon da ke bayan kunnenshi, wanda ya samu shina rarrafe ya faɗa kan murhu, ranar da na yi kuka a bayan ɗaki don kar a gan ni.

Wasanshi kuwa irin halinshi. Da an fara sai ya yi sama a guje, gehen da abokan gaba ke hitowa, ko waiwaye babu. Ni na sa ma gehen nan suna arewa. Ya kashe da yawa, ban hana mishi ba, hannunshi na da sauri. Amma ba ya duba bayanshi. Ni daga ƙofar rumbu ina ganin hilin duka, ina ganin mai zagayowa. To ya zan gaya mishi? Sai ta bakin Gambo.

"Gambo, gaya ma wancan ga wata nan ta bayanshi."

"Wace?"

"Hwarar nan mai sauri!"

"Kai ɗan nan, uwarka ta ce wai akwai wata hwara, ban dai gan ta ba, amma ta ce mai sauri ce."

Kahin ta gama an harbe shi. Shi ma sai ya ce:

"Iya Gambo, ki ce ma Inna ta ɗan matso ta taimake ni, ta bar tsuntsun nan ba inda za shi."

"Gambo, ce ma wancan masu zuwa arewa sun isa. Wani ya tsaya gida."

"Ni kun mai da ni tarho," in ji Gambo. "Ko tarho ana sa mishi caji. Ina hurata?"

Haka muka yi ta yi har gero ya yi kai. Ƙafarshi ta warke, amma sai ya riƙa dawowa daga gona da wuri, wai rana ta yi zahi. Mun gano in ka harbi ɗan'uwanka ba ya mutuwa, sandarewa yake yi na ɗan lokaci. In ya cika rawar kai sai in sakar mishi guda a baya ya tsaya cik. Ya ce Iya Gambo ki shaida, uwa ta harbi ɗanta. Na ce Gambo ce mishi tarbiyya ce, ta makara ne kawai. Ya yi dariya har ya kwanta. Ban taɓa jin dariyarshi ta girma ba sai ran nan. Irin ta babanshi ce sak, mai shaƙewa a ƙarshe.

Amma maganar tahiya ba ta mutu ba. Aka fara yankan gero, aka fara ɗaure dammuna, na ga matarshi tana kakkaɓe kwalaye tana shanya. Rabi ta ce ya riga ya yi magana da mai mota a Tasawa. Wasa wasa ne, ya ji daɗinshi, amma har yanzu ta bakin Gambo uwarshi ke yi mishi magana, har yanzu shi wancan ne.

Ga inda labarinku ya karkace, ga gaskiyar. Na yi kwanaki ina juya abin. In kira shi ɗaki in zaunar da shi in faɗi sunanshi haka kawai, ba zan iya ba, harshena ba zai ɗauka ba, shi ma kunya za ta kashe shi. Sai na ga wuri ɗaya ne a duniya da zan iya. Ranar da za a kai dammunan ƙarshe rumbu, da hantsi, muka zamna wasa. Na ce ma Gambo na ji kamar akuyarta ta shiga waken mutane. Akuyar tana ɗaure, ni na ga an ɗaure ta. Gambo ta tashi tana zage-zage ta tahi. Muka rage mu biyu. Mun kai wani mataki da ba mu taɓa kaiwa ba, mai ruwa ta ko'ina, shi kuma ranshi ɗaya ya rage. Ya yi arewa kamar kullum. Wata tanka babba, irin mai taurin kai da sai an yi ta harbi, ta gangaro ta gabana. Tana daidai bakin bindigata. Na sha kashe irinta ina tauna goro. Na ɗauke yatsana daga maɓalli, na bar ta ta wuce. Ta juya, ta bi hanyar da ya bi, ta hau bayanshi. Na buɗe baki na ce:

"Idrisa! Bayanka!"

Manet ta faɗi daga hannunshi. Tankar ta harbe shi, ba ta ko yi wahala ba. Ni ma na saki tawa, wasu biyu suka zo suka fasa bulo suka ƙona rumbu muna kallo. Jan rubutun nan ya taso. Kaza ta zo ta wuce ta gabanmu. Can ya ce, bai dube ni ba:

"Ashe kin san shi."

"Ni na yi naƙudarka, in rasa sanin sunanka? Ni na zaɓe shi ma. Na raɗa ma uwata, ita ta gaya ma babanka."

Ya sa hannun riga ya share huska. Ya ce ƙura ce. Na ce eh, rumfar nan akwai ƙura.

"Inna, sake faɗi."

"Kai, tashi can. Goro ne da za a yi ta rabawa? Ɗauki abinka, ka sa an ƙona mana rumbu."

Sai ga Gambo ta dawo tana haki, ta ce akuyarta na nan ɗaure, wane maƙaryaci ne ya ce ta kwance. Na ce Idrisa, matsa ma Gambo ta zamna. Gambo ta dube ni, ta dube shi, ta dafe ƙirji ta ce yau ta ga ƙarshen duniya, kuma an kore ta daga aiki ba sallama.

Kar ku ce abin ya tahi a banza. Kahin la'asar magana ta kai rijiya, don Gambo ba ta iya riƙe ko ruwa a baki. Aka ce Tabawa, ni ke nan, ta tsufa ta zubar da kunya. Aka ce tele ta cinye mata hankali. Matan da muka yi zamani tare suka daina kirana wajen wankan jego, wai mi zan koya ma ɗiyansu. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don na iya aikin kuma ina son shi. Har yau akwai gidajen da ba a kirana. Sannan yayata Hadiza ta hau amalanke tun daga Kanan-Bakashe, da tsufanta da ciwon bayanta, ta zo ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce na kunyata uwarmu a kabari. Ta ƙi shan hurata. Da ta gaji da faɗa ta zamna, sai ta ce a hankali:

"Da kika faɗa, mi ya yi?"

"Ya ce ƙura ta shiga mishi ido."

"Ni Inna ta tahi ban ji nawa sunan a bakinta ba," in ji ta. Sai ta jawo ƙwaryar hurar ta sha.

Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ta kwana biyu, har ta riƙe manet sau ɗaya, ta harbe zabuwa, ta ce abin banza ne.

Kwalayen nan da aka kakkaɓe, a ƙarshe albasa aka zuba a ciki. Bai zo ya ce mini ya fasa tahiya ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai tashi wata sahiya na ga ana kwaɓa ƙasa a bayan ɗakina. Ɗakin da kuke kwana ciki in kun zo hutu, shi ne. Da rani ya kan tahi Maraɗi neman abin masaruhi, don mai son arewa ba ya warkewa duka, amma iyalinshi na nan, kuma hadarin fari na tasowa za ku ji ƙarar motonshi mai ƙafa biyu. Abin wasan bai yi shekara biyu ba ya mutu, tururuwa suka yi gida a ciki. Ya sawo wani mai manet mara igiya, wai ci gaba. Na ce ya mayar ya kawo mai igiya, kuma gajera.

Gambo ta rasu bara tana tsammanin bakina ne ya suɓuce, kuma tana tsammanin da gaske wani ne ya ce mini akuyarta ta kwance. Shi ma ɗan nawa bai san na bar tankar nan ta wuce da gangan ba. Zai sani in ya karanta wanga, kuma na san zai ce ashe uwa ta sa an kashe ɗanta. Eh, na sa. Ranka ɗaya na tele na kashe, na samu sauran.

Malamar ajinmu ran da ta ce kowa ya rubuta sunan da ya ga dama a allo, mata suka rubuta nasu. Ni ga wanda na rubuta, harafin farko ya karkace kamar sandar makiyayi, kuma ga shi ina sakewa da biro don kowa ya gani. Idrisa. Mai magana ya zo ya same ni, ina rumfa.